Tambayoyi da amsoshi: Yaya ake auna illar da yawon kallon kifin wel ke yi?

Duk shekara miliyoyin mutane na biyan kuɗin jirgin ruwa su shiga teku, ba don kamun kifi ba, sai don kawai su kashe kwarkwatar idonsu da manyan dabbobin nan da ake kira wel. Masu sana'ar suna cewa kallo ba ya kashe dabba. Masu bincike kuma sun shafe shekaru suna ƙoƙarin gano ko kallon na rage mata wani abu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda ake wannan awo.

Shin wel kifi ne? Kuma yaushe kallonsa ya zama sana'a?

Sunan kifi kawai muka laƙaba masa saboda a ruwa yake. Wel yana shaƙar iska da huhu, macen tana haihuwa tana shayar da ɗanta nono, kuma idan bai taso sama ya yi numfashi ba, nutsewa zai yi ya mutu. Kada a haɗa shi da giwan ruwa na kogunanmu, wannan kifi ne na gaske. Mafi girma a dangin, shuɗin wel, tsawonsa kan kai mita 30. Dolfin da oka (babban dolfin mai baƙi da fari da ke farauta a garke) duk 'yan gida ɗaya ne da shi, shi ya sa binciken kallonsu ke tafiya tare.

Sana'ar ta faro ne a San Diyego ta jihar Kalifoniya a 1955, lokacin da wani mai jirgi ya fara karɓar dala 1 yana kai mutane su ga wel masu ruwan toka a hanyarsu ta ƙaura zuwa gaɓar Meziko. Bayan dokar dakatar da farautar wel don kasuwanci ta fara aiki a 1986, garuruwa da dama da a da suke ci daga mashi suka koma ci daga kyamara. Rahoton da ƙungiyar kare dabbobi ta IFAW ta fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa a 2008 mutum miliyan 13 ne suka je kallon wel a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe kusan dala biliyan 2.1.

To kallo ne kawai. Ina illar take?

Illar ba ta jini ba ce, sai dai jefi-jefi da jirgi kan buge dabba ko farfela ta yanke ta. Babbar matsalar ita ce satar lokaci. Wel mai doro da ta zo ruwan ɗumi ta haihu ba ta cin komai tsawon watanni. Da kitsen da ta tara a ruwan sanyi take rayuwa, da shi take yin nono, da shi kuma za ta yi tafiyar dubban kilomita ta koma wurin abinci da ɗanta a gefe. Duk sa'ar da ta kwashe tana kauce wa jirgi maimakon ta kwanta, daga wannan guzurin aka ciro ta. Jirgi ɗaya na minti 20 ba wani abu ba ne. Amma idan wannan ya tafi wani ya zo, tun hantsi har la'asar, kullum har kakar ta ƙare, lissafi ya canza.

Saboda haka abin da ake aunawa abu huɗu ne a dunƙule: halin dabbar a lokacin da jirgi ke kusa, ƙarar da ke shiga ruwa, abin da ke faruwa a cikin jikinta, da kuma yawan garken bayan shekaru. Na farkon ya fi sauƙi, na ƙarshen ya fi muhimmanci, kuma haɗa su ne aikin da ke ba masana wahala.

Ta yaya ake gane cewa jirgi ne ya canza halin dabbar?

A nan akwai wani tarko. Idan mai bincike ya shiga jirgi ya bi wel don ya ga yadda take yi in babu jirgi, ai shi kansa jirgi ne. Shi ya sa mafi ingancin awo daga tudu ake yinsa. Ana hawa kan dutse ko hasumiya da na'urar da safiyo ke awon fili da ita, mai ƙafa uku. Mutum ɗaya na manne da idonsa a jikinta, duk lokacin da wel ta ɓullo sai ya saita ta a kanta, na'urar ta ba da kusurwa, kwamfuta ta mayar da kusurwar zuwa wuri a taswira. Wani na gefe riƙe da agogo yana rubuta kowane feshin numfashi. Na uku na ƙirga jirage da nisansu. Haka za su wuni cikin iska da sanyi, wani lokaci hazo ya rufe teku a tashi ba a samu komai ba.

Daga waɗannan ɗigo-ɗigon ake fitar da saurin ninƙaya, da ko dabbar na tafiya miƙe ko tana kwana-kwana, da tsawon nutso, da tazarar numfashi. Sai a kwatanta lokacin da babu jirgi da lokacin da akwai.

A mashigin Johnstone na yammacin Kanada, Rob Williams da David Lusseau da abokin aikinsu sun yi amfani da bayanan shekaru da aka tara daga kan tsauni a kan garken oka. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya ba mutane mamaki. Ƙarin ƙarfin da dabbobin ke kashewa wajen kauce wa jirage bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Amma lokacin farautar da suke asara zai iya rage abincin da ke shiga cikinsu da kashi 18 cikin 100. Wato ba gudun ne ke cinye su ba, barin cin abincin ne. Tun daga nan hankalin masu bincike ya koma kan tambayar me dabbar ta daina yi da jirgi ya iso.

Yanzu jirage marasa matuƙi sun sauƙaƙa aikin. Daga sama ana ganin uwa da ɗa sarai, har ana auna faɗin jiki a hoto a san wadda ta rame da wadda ta yi ƙiba. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake manna wa dabbar a baya da doguwar sanda, ta zauna wasu sa'o'i tana naɗar zurfi da juyi da duk ƙarar da ta ji, sannan ta saki ta taso a ɗauke ta.

Idan wel bai gudu ba, har ma ya matso kusa da jirgi, ba alama ce ta cewa bai damu ba?

Wannan ce hujjar da masu jirage suka fi kafawa, kuma a ganina ita ce mafi rauni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma wel ba shi da fuskar da za a tambaya. Dabba na iya zama a wuri duk da takura saboda nan ne abincinta, ko nan ne ruwan da ɗanta zai iya hutawa, ba ta da wani wurin zuwa. Wadda ta fi rauni ma ita ce ba ta da halin tashi.

Sannan akwai batun wa ya rage a wurin. A Kaikoura ta ƙasar Niyu Zilan, inda iyalan Maori, 'yan asalin ƙasar, suka kafa kamfanin kallon wel a 1987, wel masu ƙaton kai ne ake kallo. Suna nutso na kusan minti 40 ko fiye, su taso su yi kamar minti 10 suna mayar da numfashi. Bincike ya nuna cewa waɗanda suka daɗe a yankin ba su cika nuna damuwa da jirage ba, amma baƙi masu wucewa sun fi canza hali. Idan masu tsoro sun bar wuri, masu juriya suka rage, duk wanda ya zo awo daga baya zai ce lafiya lau. Ya auna waɗanda suka saura ne kawai.

Gaskiya ne a wasu wurare, kamar tafkin San Ignasiyo na Meziko, wel masu ruwan toka kan zo da kansu har gefen kwalekwale. To amma a can an taƙaita yawan kwalekwalen da ke shiga a lokaci guda, kuma an ware wa dabbobin ɓangare mai faɗi da ba a shiga kallo. Mai zaɓi ne ke zuwa.

Me ya sa ake yawan maganar ƙara?

Saboda a ƙarƙashin teku kunne ne ido. Haske ba ya nisa a ruwa, amma sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Oka da dolfin da wel mai ƙaton kai suna farauta ne da amsa-kuwwa: su fitar da ƙara, ta bugi kifi ta dawo, su san inda yake. Uwar wel mai doro da ɗanta kuma a hankali suke magana, kamar raɗa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yin waya kusa da janareta ya san abin da injin jirgi ke yi musu.

Ana auna wannan da makirfon ƙarƙashin ruwa. An gano cewa oka na tekun Salish, tsakanin Amurka da Kanada, suna ɗaga murya daidai gwargwadon yadda ƙarar jirage ta ƙaru. Amma gwajin da ya fi fito da abin fili shi ne na gaɓar Exmouth a yammacin Ostireliya, wanda Kate Sprogis da abokan aikinta suka wallafa a 2020. Sun kusanci uwa da ɗa masu hutawa da jirgi ɗaya, suna tsayawa a nisa ɗaya, mita 100. Abin da kawai suke canzawa shi ne ƙarfin ƙarar inji da suke saki ta lasifika a cikin ruwa, jirgi marar matuƙi na sama yana ɗaukar hoto. Da aka saki ƙara mai ƙarfi, lokacin hutun uwar ya ragu da kashi 30 cikin 100, numfashinta ya ninka, saurin ninƙayarta ya ƙaru da kashi 37 cikin 100. Da ƙarar ta yi ƙasa, kusan babu abin da ya canza. Jirgi ɗaya, nisa ɗaya, sakamako daban.

Ma'anar wannan ita ce dokar da ta tsaya kan nisa kaɗai ta bar baya da ƙura. Jirgi mai tsohon inji a mita 300 zai iya fin mai inji shiru a mita 100 cutarwa.

Da gaske ne ana bin kashin wel don bincike?

Da gaske ne. Jini ba ya ɗibuwa daga dabba mai nauyin tan 30 da ke ninƙaya, amma kashinta kan taso ya yi yawo a saman ruwa na ɗan lokaci kafin ya nutse, kuma a cikinsa akwai sinadaran da ke nuna damuwa, da yunwa, da juna biyu. Masu bincike na Jami'ar Washington ƙarƙashin Samuel Wasser sun horar da karnuka don wannan aiki. Karen na tsaye a goshin kwalekwale yana shinshina iska, inda ya karkata nan matuƙi zai juya, har a iso a kwashe da ludayi mai dogon hannu. Amfanin karen shi ne ba sai an matsa wa dabbobin ba, ana iya bin su daga nesa. Wasu kuma jirgi marar matuƙi suke turawa ya ratsa ta cikin feshin numfashin wel ya dawo da danshin a faranti.

Shahararren misali ya faru ne ba da shiri ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, zirga-zirgar manyan jirage ta ragu a gaɓar Fundy ta Kanada, ƙarar ruwa ta sauka, kuma kashin wel da Rosalind Rolland da tawagarta ke tarawa a lokacin ya nuna sinadarin damuwa ya ragu. Jiragen dakon kaya ne a nan, ba na 'yan kallo ba, amma shi ne ya fara nuna cewa ƙara na taɓa jikin dabbar, ba halinta kaɗai ba.

An taɓa tabbatar da cewa kallo ya rage yawan garke?

An taɓa, amma a wurare ƙalilan, domin sai an yi shekaru ana ƙirga. Ana gane kowace dabba da hoton jelarta ko ƙayar bayanta, yadda makiyayi ke gane shanunsa da zane da ƙaho, a rubuta wadda ta haihu, da ɗan da ya rayu, da wadda aka daina gani.

A Shark Bay ta Ostireliya an yi sa'ar samun irin wannan tarihi. Lars Bejder ya kwatanta wurin da jiragen yawon buɗe ido ke shiga da wani maƙwabcinsa da ba sa shiga. Lokacin da kamfani ɗaya ne ke aiki, ba a ga wani bambanci ba. Da suka zama biyu, yawan dolfin a wurin ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100, wato ɗaya cikin bakwai, alhali a ɗaya wurin bai ragu ba. A 2006 gwamnatin jihar ta yanke shawarar rage lasisin ya koma ɗaya. Ba kasafai alƙaluman masana ke sauya doka da irin wannan sauri ba. A Bay of Islands ta Niyu Zilan ma raguwar dolfin da yawan mutuwar 'ya'yansu ne suka sa hukuma ta hana ninƙaya da su a 2019.

Amma akwai misali na akasin haka, kuma adalci ne a faɗe shi. A gaɓar Faxaflói kusa da Reykjavik ta Aisilan, Fredrik Christiansen ya nuna cewa jirage na katse wa wel ɗin minki cin abinci. Da aka zo lissafa sau nawa kowace dabba ɗaya ke haɗuwa da jirgi a kaka guda, sai aka ga kaɗan ne ƙwarai, domin suna yawo a fili mai faɗi. Asarar ba ta kai ta taɓa haihuwa ba. Saboda haka tambayar ba ta tsaya a ko dabba ta razana ba. Sau nawa, kuma dabba ɗaya ce ake ta komawa kanta ko daban-daban? Ƙaramin garke mai zama wuri ɗaya shi ke shan wahala.

Ta yaya ake raba laifin 'yan kallo da na sauran abubuwa?

Da ƙyar. Dubi oka mazauna kudu, waɗanda ke tsakanin jihar Washington da Kanada. Sun kai 98 a 1995, yanzu sun ɗan haura 70. Abu uku ake zargi: ƙarancin kifin salmon nau'in Chinook da suka dogara da shi, gubar masana'antu da ta taru a kitsensu, da ƙarar jirage. Binciken kashinsu ya nuna cewa daga 2008 zuwa 2014 kusan kashi 69 cikin 100 na cikin da aka gano bai kai ga ɗa mai rai ba. Wani binciken na 2012 ya gano cewa sinadarin damuwarsu ya fi sauka a lokacin da salmon ya yi yawa, duk da cewa a lokacin ne jiragen kallo suka fi cika ruwan. Masu jirage suka ce to kun gani, yunwa ce ba mu ba. Amma binciken ya kuma nuna cewa tasirin jirage ya fi fitowa ne idan abinci ya yi ƙaranci. Mai ƙoshi na iya jure hayaniya, mai yunwa da ke neman kifi ɗaya da kunne ba zai iya ba.

A 2018 duniya ta kalli wata uwa daga garken, mai lamba J35, tana tura gawar jaririnta a saman ruwa har kwana 17. Wannan ya fi kowane rahoto motsa 'yan siyasa. Daga 1 ga Janairu 2025, dokar jihar Washington ta ce kowane jirgi ya tsaya yadi 1,000 daga wannan garke.

Waɗanne dokoki ne awon ya haifar a wasu wurare?

A Hawai da Alaska ba a kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100. A Afirka ta Kudu mita 300 ne ga duk wanda ba shi da izini. A 2021 Amurka ta hana kusantar dolfin masu juyi na Hawai ƙasa da yadi 50, domin da dare suke farauta, da rana su shigo gaɓa su yi barci, daidai lokacin da masu ninƙaya ke faɗa musu. Hukumar kula da wel ta duniya kuma ta fitar da jagorar kallon wel a intanet a 2018. Rubuta doka dai daban, bin ta daban, don haka akan sa masu sa ido su hau jirgi kamar fasinjoji su rubuta sau nawa matuƙi ya karya ƙa'ida.

Hayaƙin jirage fa, yana cikin lissafi?

Ya kamata ya kasance, amma sau da yawa ana tsallake shi. Lissafin ba shi da wuya: litar dizal ɗaya na fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, sai a raba da yawan fasinjoji. Wanda ya taso daga wata nahiya kuwa, hayaƙin jirgin saman da ya kawo shi ya ninninka na kwalekwalen. Ɗumamar teku na taɓa ƙananan halittun da wel ke ci, don haka wannan ma yana komawa kansa, ta doguwar hanya.

Za a iya dogara da bayanan da kamfanonin kallo ke tarawa?

Suna da amfani sosai wajen sanin wace dabba aka gani, a ina, yaushe. Shafin Happywhale yana karɓar hotunan jela daga 'yan yawon buɗe ido, kwamfuta ta daidaita su, har a gano wel ɗin da aka ɗauka a Alaska shi ne aka sake gani a Hawai. Babu jami'ar da ke da kuɗin tura jirgi teku kullum kamar yadda 'yan kasuwa ke yi. Sai dai jirgin kasuwa inda dabba take yake zuwa, kuma ba zai taɓa nuna yadda take yi in ba ya nan ba. Ga ƙirga yana taimakawa, ga auna illarsa shi kansa ba ya isa shaida.

Akwai wel a gaɓar Afirka ta Yamma?

Akwai. Wel masu doro daga tekun kudu na zuwa mashigin Gini su haihu, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, ana ganinsu a gaɓar Gabon da Sawo Tome da Benin da maƙwabtansu. Sana'ar kallo a nan ƙarama ce tukuna, kuma wannan dama ce da Shark Bay ta koyar: awon da ya fi daraja shi ne wanda aka yi kafin jirage su yi yawa, domin idan ba a san yadda garke yake a da ba, babu abin da za a kwatanta da shi.

Idan mutum zai je kallo, me zai duba?

Ya tambayi ko kamfanin na da lasisi, jirage nawa ke tsayawa kan dabba ɗaya, da minti nawa suke yi. Ya lura ko matuƙi na rage gudu tun daga nesa, yana bin gefe, ko kuwa yana shan gaban dabbar. Idan uwa da ɗa ne kuma aka ga ta fara sauya hanya ko tana dogon nutso, lokacin tafiya ya yi, ko da hoton bai yi kyau ba. Wanda kuma ba ya son shiga jirgi sam, a garin Hermanus na Afirka ta Kudu daga kan duwatsun gaɓa ake kallon wel tsakanin Yuni da Nuwamba. Garin ma yana da mai shela na musamman da ke yawo da ƙaho, yana busawa ya sanar da mutane ta ɓangaren da suka ɓullo.